Darasi na Tara: Haɗin Cikin Ƙananan Mitfai Domin Maƙwabci Dattijo

A unguwannin birnin Katsina, tun daga Ƙofar Ƙaura har zuwa Ƙofar Sauri, da wuya a sami layin da babu wani dattijo ko wata tsohuwa da ƙarfi ya fara ja wa baya, kuma aika musu da kwanon abinci al'ada ce da muka tashi muka tarar. Addini ma ya ƙarfafa ta, domin ya zo a hadisin da Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Abu Zarri da ya yawaita romo idan ya yi girki, ya kuma tuna da maƙwabtansa. A wannan darasi za mu koyi abin da ya dace a zuba a cikin ƙananan mitfai, wato kwaɓin fulawa da ake naɗe nama ko wani haɗi a ciki a gasa, da za a kai wa irin wannan maƙwabci. An zaɓi ƙanana ne saboda cin tsoho ba shi da yawa, kuma wanda bai wuce tsawon ɗan yatsa ba yana da sauƙin riƙewa ga hannun da ke rawa.

Kafin a hura wuta, sai a fara da tambaya. Mai girki ta shiga ta gaishe da tsohuwar, bayan sun gaisa ta ce, "Inna, akwai abin da likita ya hana ku ci?" Idan dattijo ne, maigida ko babban yaro ya tambaye shi a zaure, ko a tambayi wadda ke yi masa girki. Abubuwan da ake son sani su ne ko yana da hawan jini, ko ciwon suga, ko gyambon ciki, sannan yaya haƙoransa suke. Wannan tambaya ita ce ke yanke hukunci a kan haɗin da za a yi, domin mitfai da ake sayarwa a shaguna an yi shi ne domin masu haƙori da lafiyayyen ciki: naman cikinsa yakan bushe, gishiri da yaji sukan yi yawa, bayansa kuma yakan yi tauri. Tsoho yawun bakinsa ya ragu, abu busasshe mai marmashi yana iya sa shi ya ƙware. Saboda haka duk haɗin da za mu ambata a nan dole ya kasance mai laushi da ɗan danshi, wanda idan an danna shi da bayan cokali zai baje.

Nama da dankali

Wannan shi ne haɗin da aka fi sani, kuma shi ya fi buƙatar kulawa. A sayi jan nama marar kitse da jijiya, kamar kwata na kilo, a sa mahauci ya niƙa shi, ko a dafa shi har ya yi luguf sannan a daka a turmi. Ni dai na fi son dakakke, domin naman da ya dahu kafin a daka shi ya fi narkewa a baki, kuma ana samun romon da za a yi amfani da shi daga baya. A fere dankalin Turawa matsakaita guda 2 da karas guda 1, a yanka su ƙanana ƙwarai, a dafa su sai sun nuna sosai. A soya albasa a cikin cokali ɗaya na man gyaɗa har ta yi laushi ba tare da ta ƙone ba, a zuba naman da dankalin da karas, a ƙara 'yar citta da tafarnuwa da aka daka. Daga nan sai a dama cokali ɗaya na fulawa da rabin kofi na romo, a zuba a kai, a yi ta juyawa a kan wuta kaɗan. Za a ga haɗin ya kama jikinsa yana sheƙi, idan an ɗebo shi da cokali ba ya ɗiga kuma ba ya warwatsewa. Wannan damin fulawar shi ke hana haɗin bushewa a wajen gashi, kuma shi ne matakin da masu gaggawa suka fi tsallakewa.

Batun gishiri yana da muhimmanci a nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya ci gishirin da ya kai giram 5 a yini, wato abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, kuma wannan ya haɗa da duk wanda ke cikin miya da burodi da sauran cimar ranar. Dunƙulen da muke marmasawa a girki babban kasonsa gishiri ne, don haka wadda ta sa dunƙule biyu ta ce ba ta sa gishiri ba ta riga ta sa. Ga mai hawan jini, a rage duka biyun, a nemi ɗanɗano daga 'yar daddawa da albasa da tattasai. Attaruhu kuwa a bar shi gaba ɗaya ga mai gyambon ciki.

Naman kaza ma haka ake yi masa: a cire fata, a dafa, a zare ƙashi, a daka.

Kifi, ƙwai da wake

Kifi ya fi nama laushi, amma haɗarinsa ƙaya. Idan an sami tarwaɗa ɗanya, a wanke ta da ruwan zafi ko lemun tsami har yauƙin ya fita, a dafa, a bar ta ta huce, sannan a zauna a wuri mai haske a bi tsokar da yatsu ana murzawa kaɗan-kaɗan, har a tabbatar babu ƙaya ko ɗaya. Wannan aiki ba na yaro ba ne, kuma ba a yinsa da dare a hasken fitila. Ana haɗa tsokar da dafaffen dankali da aka murƙushe da ganyen albasa. Kifin gwangwani ma yana yi idan an tsiyaye mansa, sai dai yana zuwa da nasa gishirin, don haka ba a ƙara wani.

Wadda kuɗin nama ya yi mata yawa kada ta ji ta gaza. Dafaffen ƙwai guda 3, na kaza ko na zabi a lokacin damina da yake araha, idan aka yanka su ƙanana aka cakuɗa da alayyahu ko zogale da aka dafa aka matse, suna ba da haɗi mai gina jiki. A tsince sandunan zogalen da kyau, a kuma daddatsa ganyen. Wake ma abin dogaro ne: a jiƙa shi, a surfe a cire ɓawon kamar za a yi alala, a dafa har ya narke, a soya shi sama-sama da albasa da tattasai. Cire ɓawon yana rage kumburin ciki da tsofaffi ke kuka da shi. Kabewa tana ƙara wa waken zaƙi da laushi, amma tana da ruwa, sai an tsane ta a rariya kafin a haɗa.

Akwai tsofaffin da ransu ya fi son abu mai zaƙi da shayin safe. Ga waɗannan ana iya jiƙa dabino, a cire ƙwallon, a daka shi da nunanniyar ayaba, ba sai an sa sukari ba. Mai ciwon suga ba a kai masa wannan sai da yardar ma'aikacin lafiyar da ke duba shi.

Naɗewa, gashi da kaiwa

Duk haɗin da aka zaɓa, a bar shi ya huce sarai kafin a zuba, domin mai zafi yana narkar da botar da ke cikin kwaɓin, sai mitfai ya fashe. Ga kwaɓin, fulawa gwangwanin madara 4 tana son bota cokali 6, da ƙaramin cokali ɗaya na bekin foda, da ƙwai ɗaya, da ruwan sanyi kaɗan. A murza shi da ɗan siriri, a fitar da da'ira da bakin kofin shayi, a zuba haɗi ƙaramin cokali ɗaya a tsakiya, a ninke, a danne bakin da cokali mai yatsu, a huda saman sau ɗaya domin tururi ya fita. Gashi ya fi suya, saboda maiƙo yana nauyaya wa cikin tsoho. Mai obin ta gasa a zafin digiri 180 na kimanin minti 25. Wadda ba ta da shi ta shimfiɗa yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, ta ɗora faranti a kai, ta rufe, ta sa garwashi kaɗan a ƙasa da kuma bisa murfin. Da zarar sun yi ruwan zuma-zuma a sauke, kada a jira su yi ja sosai, domin bakin zai yi tauri.

A kai su da ɗuminsu a cikin kwano mai murfi, kuma guda huɗu ko biyar sun isa. Dafaffen abinci bai kamata ya wuce awa 2 a ajiye a ɗaki ba, balle a bazarar Katsina da zafi ke kaiwa digiri 40, ga shi kuma tsofaffi suna da ɗabi'ar adana abin da aka ba su har gobe. Idan gidan babu firij, a faɗa wa mai kula da shi cewa a ci su da ɗuminsu, kada a ajiye, musamman na kifi da na ƙwai. Kashegari mai girki ta leƙa ta tambayi Inna ko ta iya taunawa, ko yaji ya yi yawa, ta gyara na gaba bisa amsar da ta samu.

Aiki

Kowace ɗaliba ta zaɓi haɗi ɗaya da ya dace da wani dattijo a unguwarsu, ta rubuta sunayen kayan da za ta saya da farashin kowanne a kasuwar da ta fi kusa da ita, ta haɗa jimillar kuɗin, ta kawo wa malama a zama na gaba.