Kafin ka kai maganin Siddha bakinka a Chennai

Masu zuwa jinya Chennai, maganar masauki da layin waya da inda ake samun naman halal ba za ta ɗauke ku mako guda ba, 'yan uwanmu da ke kewayen Greams Road za su nuna muku komai tun ranar farko. Jama'armu a nan, Alhamdu lillahi, ba sa barin baƙo ya kwana da yunwa. Abin da ke cin mutane daga baya shi ne maganin gargajiyar Tamilawa, wanda suke kira Siddha, domin kusan duk mai jinyar da ya daɗe sai wani ya raɗa masa cewa akwai wani garin magani da ya fi na asibiti sauri.

Ku fara cire tunanin cewa bokanci ne. Gwamnatin Indiya ta amince da shi a ƙarƙashin AYUSH, ma'aikatar kula da maganin gargajiya da aka kafa a 2014, likitansa kuma sai ya yi shekara biyar da rabi yana karatu kafin a ba shi digirin BSMS. Akwai cibiyar Siddha ta ƙasa a Tambaram, jirgin ƙasa na cikin gari yana tsayawa kusa da ita, akwai kuma asibitin gwamnati na Arignar Anna a Arumbakkam. Tamilawa suna jingina ilimin ga malamai 18 na da can, babbansu Agathiyar, kuma a kan ganyen giginya aka rubuta shi.

Tushen abin ba zai yi wa Bahaushe baƙo ba, mu da muka tashi muna jin an ce wane zafi ne ya yi masa yawa, wance kuma sanyi ne ya kama ta. Su a wajensu abu uku ke riƙe da jiki: vatham na iska da motsi, pitham na zafi da narkar da abinci, kabam na majina da danshi. Idan ɗaya ya rinjayi sauran, ciwo ya samu. Likita zai ɗora yatsu uku a wuyan hannunka yana sauraren bugun jijiya, ya duba harshe da ido da launin fata, ya saurari muryarka, ya tambayi yanayin bayan gida. Wani zai karɓi fitsari a ɗan kwano ya ɗiga man riɗi a kai. In ɗigon ya miƙe kamar maciji, iska ce. In ya yi zobe, zafi ne. In ya tsaya cak kamar lu'ulu'u, majina ce. Sannan ya kafa maka dokar abinci, kuma sau da yawa tsamiya ce farkon abin da zai hana. A garin da miyar sambar da rasam duk da tsamiya ake yin su, wannan doka ba wasa ba ce.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Ba duk maganin Siddha ba ne ganye da saiwa. Dafaffen nilavembu mai ɗan karen ɗaci da ake rabawa lokacin zazzaɓin dengi, wannan tsirrai ne. Amma akwai waɗanda ake kira parpam da chendooram, gari ne fari ko ja da ake samu bayan an ƙona ma'adinai sau da dama, wasu da zaiba, wasu da farar wuta ko ƙarfe. Likitan ƙwarai ɗan mitsitsi yake bayarwa, a zuma ko man shanu, na 'yan kwanaki ƙidayayyu. Mutanenmu kuwa yawanci ciwon ƙoda ko hanta ko daji ne ya kawo su, ƙoda da hanta kuwa suna cikin gaɓoɓin da irin waɗannan ƙarafa suka fi yi wa illa.

Wani dattijo mai jiran dashen ƙoda da ya zo tare da ɗansa, tafintan da ke yi musu hidima ya kawo masa jan gari a ƙullin takarda, ba suna, ba lamba, ya karɓi kuɗi masu kauri. Dattijon ya sha a ɓoye har gwajin jininsa ya rikice, likitoci suka ɗage aikin suna neman dalili. Da na je duba shi na ce, "Baba, don Allah me kuke sha ban da na asibiti?" Sai ya ce, "Ɗana, ai na gargajiya ne, ba ya cutarwa." Wannan jumlar na gaji da jin ta. Ɗage aikin ya jawo ƙarin kuɗin haya, bizarsu ta kusa ƙarewa, ɗan ya koma zarya tsakanin asibiti da shafin intanet na FRRO, ofishin rajistar baƙi 'yan ƙasar waje, yana neman wasiƙar da za a tsawaita musu zama.

Kuma ku tuna bizar jinya da takardar asibitin da ya gayyace ku aka ba ku ita. Ba a tattara kaya a koma wani gidan magani a ƙauye don kawai an yaba shi, sai an bi ta ofishin FRRO. Wanda tun daga gida Siddha yake nufi, akwai bizar Ayush da aka fito da ita a 2023, ita zai nema.

In kuna son gwadawa don ciwon gaɓoɓi ko na fata, waɗanda su ne suka fi kai mutane can, ku je asibitin gwamnati ko wajen likita mai lambar rajista a rataye. Ku nemi a rubuta sunan kowane magani da harafin boko, ku tambaya ko akwai ma'adini a ciki, ku ɗauki kwalbar da takardar ku kai wa likitan da ke duba ku kafin ku sha ko cokali ɗaya. Hajiyoyi masu sayen na tsaraba kuma, duk ƙullin da ba shi da sunan kamfani da ranar lalacewa, ku bar shi a kantin.