Babi na 9: Lissafin Lafiya, Nawa Aka Kashe, Wa Ya Amfana

Darasi na 1: Baki na ƙirga dala, takarda na ƙirga sefa

'Yan uwa, barkanku da zuwa. Kowa ya buɗe sabon shafi. Ku ja layi ɗaya a tsakiya, daga sama har ƙasa. A hagun layin za mu rubuta abin da aka biya wa kuɗi, a dama kuma kuɗin. Wanda hagu ta ɓace masa, hannun da ba ya cin tuwo da shi ke nan.

Shirye-shiryen lafiya suna ta shigo mana nan arewacin Kamaru, daga Garwa har Marwa da Ngaundere: na masu ciki, na zazzaɓin cizon sauro, na rigakafi. A rediyo a ce wannan kyauta ne, wancan ya yi amfani. Mu da muke goyon yaran zuwa asibiti mun fi kowa sanin abin da ya fita daga aljihunmu, sai dai sanin yana baki, bai hau takarda ba. A babin nan za mu hau da shi.

Amma akwai dutsen da kusan kowa ke tuntuɓe da shi. A kasuwa muna ƙirga dala. Takardar asibiti da ta farmasi kuwa sefa suke rubutawa. Dala ɗaya sefa 5 ce. In bakinki ya ce ashirin, hannunki ya rubuta 100. In ya ce hamsin, a rubuta 250. In ya ce ɗari, a rubuta 500. Jaka guda kuwa, wato dala ɗari biyu, ita ce 1,000: ɗaya da sifili uku.

Mu maimaita da ƙarfi. Ashirin, 100. Hamsin, 250. Ɗari, 500. Jaka, 1,000.

Bara wata baiwar Allah mai sayar da ƙosai ta kawo mini lissafin ranar da ta kai jikanta asibiti. Ta kwafi kuɗin magani daga takarda daidai, 1,500. Ɗan moto, wato mai babur ɗin haya, ya karɓi dala sittin a wurinta, sai ta rubuta 60 a ƙarƙashi, ta haɗa, ta sami 1,560. Rubutunta tsaf, ba goge-goge, har na ji nauyin gyara mata. Na ce, “Inna, wane ɗan moto ne zai ɗauke ki a sefa sittin?” Ta kalli shafin jim kaɗan, ta lissafa da yatsu, ta ce, “Malam, ashe 300 ne.” Jimlar ta koma 1,800. Ba rashin kai ba ne. Shekara da shekaru tana ciniki da dala, ba wanda ya taɓa cutarta ko da ƙwandala. Hannu ne bai saba ba, kuma zai saba.

Saboda haka duk kuɗin da kuka ji da kunne, ku ninka shi sau 5 kafin alƙalami ya taɓa takarda. Wanda kuka gani a rubuce, ku kwafe shi yadda yake, kada ku ninka. Na kunne a ninka, na takarda a kwafe.

Darasi na 2: Shek ɗin masu ciki

A 2015 aka fara shirin da ake kira Chèque Santé a yankunan Arewa, Arewa Mai Nisa da Adamawa, da tallafin Faransa da Jamus. Mu dai shek muke ce masa. Mai ciki ta biya sefa 6,000, sai ya ɗauke mata awon ciki, da haihuwa, da tiyata in ta kama, da kulawar uwa da jariri har kwana 42 bayan haihuwa.

Ku rubuta a hagu: shek. A dama: 6,000. Jaka shida ke nan, shida da sifili uku. Daga takarda ya fito, don haka ba a ninka shi.

To shi ke nan abin da aka kashe? A'a. Lambobin da ke tafe na gwaji ne, kowa zai sa nasa na gaskiya a gida. A ce Hajiya ta je awo sau huɗu. Kowace tafiya ɗan moto ya karɓi dala sittin zuwa, dala sittin dawowa. Tsaya, Malam, kada ka rubuta 60. Da kunne ka ji shi. Sittin sau 5, 300. Zuwa da dawowa 600. Sau huɗu, 2,400. A rubuta a hagu: moto. A dama: 2,400.

Saura wanda ake mantawa. Ranar awo Hajiya ba ta ɗora kaskon ƙosai ba. A ce ribarta ta yini jaka guda ce. Kwana huɗu, 4,000. Kuɗin nan bai fita daga jakarta ba, amma bai shigo ba, kuma tukunyar gida ta ji a jikinta. Shi ma a rubuta shi.

Yanzu a haɗa: 6,000 da 2,400 da 4,000 sun zama 12,400. Kun ga kuɗin hanya da na sana'a sun fi na shek ɗin kansa. Wannan bai rage darajar shek ba. Ni a ganina yana cikin abubuwa mafi alheri da suka zo wa matanmu, kuma duk wanda ya taɓa sayar da akuya ko buhun masara cikin dare don a shiga da matarsa ɗakin tiyata ba sai an yi masa bayani ba. Abin da lissafin ya nuna shi ne dalilin da ya sa matar ƙauye mai nisa takan sayi shek, ta je awo ɗaya, ba a sake ganinta ba. In za ku kai kuka wurin kwamitin lafiya na unguwa, wannan shafin za ku riƙe a hannu.

In an nemi ku biya wani abu a asibiti, ku nemi rasit cikin ladabi, ku maƙala shi a littafin.

Na duba littattafanku a makon jiya, mutum nawa na samu sun sake rubuta dala a layin sefa. Haba jama'a! Sau nawa za mu faɗa? Wasu ma ba su ja layin tsakiya ba, sun cusa komai wuri guda kamar kayan gwanjo. Wanda ya ƙi zaman minti goma da littafinsa bayan sallar isha'i, kada ya ce karatu ne ya ƙi shi. Ku sake: ashirin 100, hamsin 250, ɗari 500. Na kunne a ninka, na takarda a kwafe.

Darasi na 3: Wanda aka rubuta da wanda ya amfana

Tun 2016 ake raba maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro a Arewa da Arewa Mai Nisa, ga yara daga wata 3 zuwa wata 59. Ma'aikata na bin gida-gida a damina, wata-wata, daga Yuli zuwa Oktoba. Maganin na kwana uku ne. Na ranar farko a gaban ma'aikaci ake sha, na rana ta biyu da ta uku uwa ce ke bayarwa. Yaron da ya sha na farko kaɗai yana cikin littafin ma'aikaci, amma kariyarsa ba ta cika ba.

Gwaji: a ce an kashe sefa 60,000 a kan yara 40. A raba, kowane yaro 1,500. In yara 30 ne suka shanye na kwana uku, sai a raba da 30, kowane yaro ya tashi a 2,000. Kuɗi bai ƙaru ba, masu amfana ne suka ragu. In za ku faɗi 2,000 da baki, jaka biyu ce.

Don sanin ko zazzaɓi ya ragu a gidanku, ku ja ɗan layi duk ranar da yaro ya kwanta. Ku gwada daminar bana da daminar bara. Kada a gwada damina da rani, don da rani sauro kan ragu ko ba magani.

Darasi na 4: Abin da aka ce kyauta ne

Tun 2011 maganin zazzaɓin cizon sauro marar tsanani kyauta ne ga yaro ɗan ƙasa da shekara 5 a asibitocin gwamnati. A Janairun 2024 kuma Kamaru ta fara allurar rigakafin zazzaɓin, sau huɗu: wata 6, wata 7, wata 9 da wata 24. Allurar ba ta hana kwana cikin gidan sauro.

A layin abin da aka ba ku kyauta ku rubuta 0. Kuɗin moto ku rubuta shi a layinsa, cikin sefa.

Aikin gida: ku cika shafi ɗaya da lissafin zuwanku asibiti na ƙarshe. Ku zo da katin rigakafin yaro ranar Asabar.