In kana son ka sa zare, ga yadda za ka shiga dambe ka fita da kanka lafiya

Ni dai ina son dambe, kuma ba zan ɓoye maka ba, hatsarin da ke cikinsa shi ne daɗinsa, in da babu tsoron a kai mutum ƙasa wa zai biya kuɗin ƙofa ya shiga gidan dambe a Kano ko Dei-Dei da ke Abuja? Amma ɗan'uwa akwai hatsarin da ka zaɓa da idonka biyu, akwai wanda kalangu ya zaɓa maka.

Da farko ka nemi ubangida. Ba banza ake kiran yara da Shagon wane ko Autan wane ba, kowa a ƙarƙashin wani ya tashi, ko a wane ɓangaren 'yan dambe yake, Kudu ko Arewa ko Jamus ko Guramaɗa. Shi zai koya maka ɗaurin zare yadda ba zai tsuke maka hannu jini ya daina gudu ba, kuma shi ya san wanda ya fi ƙarfinka. Yara duk hankalinsu yana kan mashi, hannun duka, alhali garkuwa, wato ɗaya hannun, ita ke tsare maka fuska. Ka daɗe kana koyon kariya da tsayuwa kafin ka fara mafarkin kisa, wato kai abokin dambe ƙasa.

Sai maganar kiɗa, a nan ne ake rasa yara. Makaɗi ya kama sunanka yana wasa ka, ana ta ihu ana liƙi, jikinka ya ɗauki tsuma sai ka ga ka tare wanda ya ninka ka a jiki da shekaru a fili. Wallahi ƙin sa zare da irin wannan ba tsoro ba ne. Ka yanke shawarar wanda za ka iya tarawa tun a gida, kafin ka ji kalangu. Kuma don Allah ka rabu da tramol da sauran ƙwayoyi, suna ɗauke maka jin zafi ne kawai, dukan kuwa ya riga ya shiga, ga shi in ta yi yawa tana sa mutum jijjiga kamar mai farfaɗiya.

Ka sayi robar kare haƙora, ba ta da tsada.

In an buge ka a ka, ko da ba ka faɗi ba, ka ji jiri ko kana gani biyu-biyu ko ka manta turmi, wato zagaye, na nawa ake, to wasan ranar ya ƙare, a kwance maka zare. Duka na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba shi ke nakasa mutum. In amai ya biyo baya, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko barci mai nauyi, asibiti za a kai ka a daren nan, ba a zuba maka ruwa a ka a ce gobe za ka warware ba. Kuma kada a bar ka ka kwana kai kaɗai a ɗaki.