Yadda zaka ziyarci tsibirin Alcatraz a Amurka

Da farko sayi tikiti ta intanet tun da wuri, a lokacin zafi tikitin yakan ƙare da sauri.

Sai kaje Pier 33 a San Francisco ka hau jirgin ruwa, tafiyar kamar minti 15 ce. Riƙe rigar sanyi, iskan wurin ba wasa.

In ka sauka fara da gidan yarin da aka rufe a 1963, ka zaga ɗakunan fursunoni.

Daga nan sai wajen tsuntsayen teku, nan nafi so wallahi. Daga Fabrairu zuwa Satumba suna kwanci shi yasa ake rufe wasu hanyoyi, dan Allah kar ka tsallake shinge kar kuma ka basu abinci, in uwa ta firgita ta tashi ƙwanta ne zai lalace.