Mai Zanen Kwamfuta Da Ya Rataya Kyamara: Kurakuran Da Aka Fi Yi Da Yadda Za A Gyara Su

A Bauchi yanzu da wuya ka sami matashin da ke zana fasta, katin gayyata da banar talla wanda bai taɓa riƙe kyamara ba. Kwastoma zai zo neman kalandar biki, hoton da ya kawo ba shi da kyau, sai mai zanen ya ce bari ya ɗauka da kansa. Daga nan wasu kan zarce, su kamu da son ɗaukar rayuwar gari yadda take: kasuwar Wunti da sassafe, maƙera a bakin zuga-zugi, 'yan lifidi ranar hawan Sallah, masunta a madatsar Gubi. Wannan shi ne hoton adana tarihi, kuma ƙa'idojinsa sun saɓa wa kusan duk abin da hannun mai zane ya saba. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. A wannan sana'a tana taunuwa, amma sai mutum ya san wacce ce a bakinsa a kowane lokaci.

Babban kuskuren, wanda ya fi duk sauran illa, shi ne barin hannun zane ya shiga cikin hoton tarihi. Mai zane ya horu a kan gogewa da ƙawatawa. Ya ga wayar lantarki ta ratsa saman masallaci, ya goge. Ya ga leda a ƙasa gefen mai sayar da tumatir a Muda Lawal, ya goge. Ya ɗauki hoto cikin hunturu, sama ta yi fari fat da hazo, sai ya cire ta ya ɗora wata shuɗiya mai gajimare. A kan fasta wannan ƙwarewa ce, har a yaba maka. A hoton tarihi kuwa ƙarya ce, ko da niyyarka alheri ce. Hazon nan shi ne Bauchi a watan Janairu. Ledar nan ita ce shaidar yadda muke rayuwa yau, kuma wanda zai duba hoton nan da shekara 50 yana da haƙƙin ya gan ta.

Kada ka ɗauka abin wasa ne a wajen masu wannan harka. A 2014 kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya raba gari da wani mai ɗaukar hoto da ke cikin tawagar da ta ci lambar yabo ta aikin jarida ta Pulitzer, saboda ya goge kyamarar abokin aikinsa daga gefen wani hoto da ya ɗauka a yaƙin Siriya. A 2015 kuma alƙalan gasar hotunan jarida ta World Press Photo sun fitar da kusan kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da na ƙarshe, saboda an taɓa su fiye da ƙima. Gyaran da aka yarda da shi kaɗan ne: daidaita haske da duhu, daidaita launi ya koma yadda ido ya gani, yanke gefe ba tare da ma'ana ta sauya ba, da cire ɗigon ƙurar da ta maƙale a cikin kyamara. Ba a ƙara komai, ba a cire komai. Shawarata ita ce ka raba kayan aikin ma. Hoton tarihi ya tsaya a Lightroom, manhajar daidaita haske da launi, kada ya leƙa Photoshop, inda ake gogewa da ƙarawa. Ka ajiye asalin fayil ɗin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ta ɗauka, yadda ya fito, domin ranar da wani ya yi tantama shi ne zai tsaya maka.

Ƙanin wannan kuskure shi ne shirya mutane. “Baba, ɗan sake ɗaga gudumar,” ko “Hajiya, matso nan inda haske yake.” Idan ka shirya, to ka rubuta a ƙarƙashin hoton cewa zama aka yi maka. Idan kana son aikin yadda yake, sai haƙuri. Ka zauna, ka sha hira, har maƙerin ya manta da kai.

Akwai wata ɗabi'a kuma da sai mai zane ke da ita. Yana ɗaukar kowane hoto kamar bangon mujalla: mutum ɗaya a gefe, fili a ɗaya gefen inda rubutu zai zauna. Zai dawo daga Yankari da hotuna masu kyau ɗai-ɗai, amma ka jera su ba su ba da labarin komai ba. Labari yana son hoton nesa da ke nuna wurin baki ɗaya, da na tsakiya da ke nuna mutum cikin aikinsa, da na kusa da ke nuna hannu, kayan aiki, ko tabon wuta a yatsa. Yana kuma son komawa. Duk wanda ya ziyarci masaƙa sau ɗaya ya ce ya adana sana'ar saƙa, yawon buɗe ido ya yi. Ka zaɓi abu guda kusa da kai, ko ƙofofin gari ne irin su Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti da mutanen da ke neman abinci a gindinsu, ka bi shi rani da damina.

Sai maganar bayanin hoto, wadda ke ba ni takaici ƙwarai. Hoto ba suna, ba wuri, ba rana, rabin amfaninsa ya tafi. Ka tafi da ɗan littafi, ka rubuta wane ne, me yake yi, a ina, yaushe, kuma ka tambayi mutum yadda ake rubuta sunansa. Ka saita kwanan wata da agogon kyamararka kafin ka fita. Da ka dawo, ka shigar da bayanin cikin fayil ɗin kansa, a gurbin da Lightroom ya tanada, tun kafin ka manta.

Izini kuwa ba a wasa da shi, musamman a garinmu. Gaisuwa kafin kyamara. Idan unguwa za ka shiga, ka fara da mai unguwa. Idan makarantar allo ce, ka nemi malam, kuma ka sani cewa amincewar yaro ita kaɗai ba ta wadatar ba. Matan aure a cikin gida ba a ɗaukar su sai da yardarsu da ta gidan, kuma a nan 'yan'uwanmu mata masu kyamara sun fi mu damar shiga, ya kamata a ƙarfafa musu gwiwa. Inda mai zane ke faɗawa rami shi ne bayan an ɗauka. Tsohuwar da ta yarda ka ɗauke ta tana tallan fura ba ta yarda ta tsinci fuskarta a banar ɗan takara ba, ko a tallar wata ƙungiya da aka rubuta “talauci” a samanta. Ga hoton a kwamfutarka, ga kwastoma yana matsa maka, jarabar tana da ƙarfi. Kada ka yi. Ka ware rumbun hotunan tarihi daban, wanda aikin kasuwa ba ya taɓawa sai ka koma ka nemi sabon izini. Kuma idan da hali, ka wanke hoton ka kai wa mai shi. Wannan ɗan abin yana buɗe ƙofofi da yawa.

Kurakuran wurin bugawa sanannu ne, zan bi su da sauri. Fuskar kwamfuta da tsarin launin haske na RGB take aiki, injin buga takarda da tsarin tawada huɗu na CMYK, shi ya sa koren da ya yi walƙiya a waya ke fitowa a dushe. Ka juya launi zuwa CMYK tun a manhajar zane ta CorelDRAW, ka nemi gwaji ɗaya kafin a buga dubu. Abin da za a riƙe a hannu yana son ɗigo 300 a kowane inci, wato shafin A4 kusan 2480 a 3508, alhali bana da za a hango daga nesa ɗigo 100 ma ya ishe ta. Ka bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka. Kada ka karɓi hoto ta WhatsApp sai an turo shi a matsayin takarda (document), domin in ba haka ba matse shi yake yi, ya kuma share bayanan da ke cikinsa. Ƙananan rubutu baƙi su kasance da baƙin tawada zalla, kada a haɗa launuka huɗu. Sannan haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ, ɗ da ƙ: salon rubutu da yawa ba su da su, sai ka ga akwati a madadinsu, ko a cire lanƙwasar ma'ana ta sauya. Noto Sans, Charis SIL da Andika suna da su, kuma kyauta ne. Kafin ka miƙa aiki ka mayar da haruffan su zama zane, kada kwamfutar maɗaba'a ta sauya maka shi.

Ta fuskar kuɗi, da yawa suna ba da hoto a matsayin gyara a kan kuɗin zane. Aiki biyu ne, farashi biyu ne, kuma a karɓi kafin alƙalami. Najeriya tana da dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, kuma hoto yana cikin abin da take karewa. Idan wata ƙungiya ta nemi hotonka, ku rubuta a takarda inda za a yi amfani da shi, tsawon wane lokaci, da cewa za a sa sunanka. Lokacin kamfen da lokacin bukukuwa su ne kakar mai zane. Daga abin da ya shigo a lokacin ake ware na fetur da na batir domin aikin tarihi, tunda shi ba ya biyan kansa da wuri.

Ajiya ita ce ta ƙarshe, kuma ita aka fi sakaci da ita. Wutar da ke zuwa da ƙarfi, zafin Afrilu da ƙurar hunturu duk suna kashe na'ura. Kowane hoto ya kasance a wuri uku: kwamfutarka, rumbun ajiya na waje, da wani a intanet ko a gidan ɗan'uwa a wata unguwa. Ka sa wa kowace jakar hotuna a kwamfuta suna da shekara, wata, rana da wuri. Kada ka goge memorin kyamara sai ka buɗe kwafi na biyu ka gani da idonka, kuma kada ka sauya madubin kyamara (lens) a fili lokacin da iska ke kaɗawa, ka shiga ɗaki ko cikin mota tukuna.