Babi na Uku: Lissafin Dole ga Magidanta da Iyaye Mata da Suka Koma Makaranta

Wanda ya koma karatu bayan shekara goma sha biyar ko ashirin da barin aji, a Kano Poli ne, ko a Kwalejin Legal, ko a wata kwalejin ilimi, zai tarar lissafi na jiransa a bakin ƙofa. Mai karatun NCE, ko da Hausa ko Larabci ya zaɓa, sai ya ɗauki kwasa-kwasan GSE, wato darussan bai-ɗaya da kowane ɗalibi ke yi, a cikinsu kuwa akwai lissafin bai-ɗaya. Wanda ya faɗi sai ya maimaita, abin nan da ɗalibai ke kira kariyoba. To kada gabanku ya faɗi. Gemu ba ya hana ilimi, kuma wanda ke ba da canji a kasuwar Sabon Gari ko yake raba kuɗin cefane na wata guda ya riga ya iya lissafi. Rubuta shi a takarda ne ya rage.

Ku tanadi littafin rubutu guda na lissafi kaɗai, da fensir, da abin gogewa. Da fensir za a yi aiki, domin za a yi kuskure kuma za a goge. Ku ware minti 30 kullum, bayan sallar asuba ya fi, kafin gida ya tashi. Minti 30 kullum ya fi awa huɗu ranar Lahadi.

Darasi na 1: Karanta alamomi

Alamar + tarawa ce. Alamar − ɗebewa ce. Alamar × ita ce "sau". Alamar ÷ rabawa ce. Alamar = tana nufin abin da ke hagu daidai yake da abin da ke dama.

Akwai waɗanda ba a cika bayyana su a aji ba. In kun ga 3(4), sau ake nufi, amsa 12. In kun ga 2x, ana nufin 2 sau x, shi x ɗin lamba ce da ba a sani ba tukuna. In kun ga 5², ana nufin 5 × 5, wato 25. Masu rubuta 10 suna da yawa, don sun ninka 5 da ɗan ƙaramin 2 ɗin nan na sama.

Sai tsarin abin da ake fara yi. Dubi wannan: 500 + 3 × 800. Ku ɗauka kuɗin A Daidaita Sahu naira 500, sannan sabulu uku kowanne naira 800. Sabulu 2,400, a haɗa da kuɗin mota, 2,900. Wanda ya bi daga hagu zuwa dama kai tsaye zai tara 500 da 3, ya sami 503, ya ninka da 800, ya fito da 402,400. Ba wanda zai biya wannan a kan sabulu uku. Ƙa'idar ita ce: a fara da abin da ke cikin baka, wato alamar ( ), sai ninkawa da rabawa, sannan tarawa da ɗebewa. Ita malamai ke kira BODMAS.

Darasi na 2: Lamba mai sama da ƙasa

A nan mafi yawan manya ke tuntuɓe, saboda haka a nan za mu zauna.

Kun san rabi, sulusi, rubu'i, sudusi, sumuni. A takarda ana rubuta su 1/2, 1/3, 1/4, 1/6, 1/8. Lambar ƙasa tana faɗin kashi nawa aka raba abin. Lambar sama tana faɗin kashi nawa aka ɗauka. Turmin atamfa yadi 6 ne. Rabin turmi yadi 3, sulusin turmi yadi 2.

Tambaya: 1/2 + 1/3.

Abin da hannu ke saurin yi shi ne a tara sama da sama, ƙasa da ƙasa, a rubuta 2/5. Wannan kuskure ne. Ku je Kantin Kwari a zuci. Rabin turmi yadi 3, sulusin turmi yadi 2, an haɗa yadi 5 cikin 6. Amsa 5/6. Shi kuwa 2/5 ko rabi bai kai ba. Ta yaya za a ƙara wa rabi wani abu ya koma ƙasa da rabi?

Ga yadda ake yi a rubuce, kada a tsallake layi ko ɗaya.

Da farko, a dubi lambobin ƙasa. Iri ɗaya ne? A nan 2 da 3 ne, ba iri ɗaya ba. To ba a tarawa tukuna. Sai an daidaita na ƙasa.

Na biyu, a jero ninkin kowacce. Na 2: 2, 4, 6, 8. Na 3: 3, 6, 9. Lamba ta farko da ta fito a jerin biyu ita ce 6. Ita ce ake kira LCM a takardar jarrabawa.

Na uku, a mayar da kowacce mai 6 a ƙasa. Don 2 ta zama 6 an ninka ta da 3, to sama ma a ninka da 3: 1/2 ya zama 3/6. Don 3 ta zama 6 an ninka ta da 2, sama ma haka: 1/3 ya zama 2/6.

Na huɗu, yanzu ne za a tara, kuma na sama kaɗai: 3 + 2 = 5. Na ƙasa ya zauna yadda yake. Amsa 5/6.

Mu sake faɗi: a daidaita na ƙasa kafin a tara. Ku rubuta wannan jimla da babban baƙi a saman shafin littafinku.

Wani misali: 1/4 + 1/6. Na ƙasa iri ɗaya ne? A'a, 4 da 6. Ba a tarawa tukuna. Ninkin 4: 4, 8, 12. Ninkin 6: 6, 12. An haɗu a 12. Don 4 ta zama 12, sau 3 ne, sai 1/4 ya zama 3/12. Don 6 ta zama 12, sau 2 ne, sai 1/6 ya zama 2/12. A tara na sama: 5/12. A gwada da agogo: rubu'in awa minti 15, sudusin awa minti 10, an haɗa minti 25. Shi ma 5/12 na minti 60 minti 25 ne. Ya yi daidai.

Akwai kuskure biyu da ke biyo baya ko bayan an fahimci wannan. Na farko, mutum ya canja ƙasa ya manta sama, ya mayar da 1/2 ya zama 1/6. Ya mayar da yadi 3 yadi 1 ke nan. Duk abin da aka yi wa ƙasa a yi wa sama. Na biyu, ya daidaita lafiya lau, ya sami 3/6 + 2/6, sai a ƙarshe hannu ya koma tsohon hali ya rubuta 5/12. Na ƙasa suna ne na girman yanki. Yadi 3 da yadi 2 yadi 5 ne, sunan "yadi" bai canja ba.

Ɗebewa ma haka take. 3/4 − 1/6. Na ƙasa iri ɗaya ne? A'a. A daidaita: 9/12 − 2/12 = 7/12.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a garin nan. Malaman rabon gado suna yin sa tun da daɗewa. Mamaci ya bar mata da uwa da 'ya'ya: mata tana da sumuni, uwa tana da sudusi. Malami ba zai tara 8 da 6 ba. Zai nemi asalin da duka biyu za su fita a cikinsa, wato 24. Sumuni 3 cikin 24, sudusi 4 cikin 24, an haɗa 7/24. Abin da muke koyo ke nan, ba wani ba.

Yanzu magana ta gaskiya. Ana yawan ganin ɗalibi ya ce ya gane, ya ƙi rubuta jerin ninki wai aikin yara ne, ya yi a ka, ya faɗi. Wasu kuma su kwafi aikin gida a wayar abokin aji cikin mota a hanyar makaranta. Wa ake yaudara? Ranar jarrabawa abokin ba zai riƙe muku fensir ba. Kun biya kuɗin makaranta da guminku, kun bar shago ko yara kun zo, sannan layi biyu na rubutu ya gagare ku? Ku rubuta jerin. Ku rubuta shi ko da kun san amsar, har sai hannu ya saba.

Ninkawa ba ta buƙatar daidaitawa. Sama sau sama, ƙasa sau ƙasa: 1/2 × 1/3 = 1/6. Rabin sulusin turmi yadi 1 ne. A rabawa kuwa ana juya lamba ta biyu sama ta koma ƙasa, sai a ninka: 3/4 ÷ 1/8 ya zama 3/4 × 8/1, amsa 6. Tarawa da ɗebewa su ne masu neman a daidaita na ƙasa.

Aiki. Kafin kowace tambaya ku tambayi kanku da baki: na ƙasa iri ɗaya ne?
(a) 1/3 + 1/4
(b) 2/3 + 1/6
(c) 2/5 + 1/2
(d) 5/6 − 1/2
(e) 3/8 + 1/6
Amsoshi: 7/12, 5/6, 9/10, 1/3, 13/24. A (d) za ku fara samun 2/6, sai a raba sama da ƙasa da 2. Wanda ya ci uku cikin biyar ya yi ƙoƙari, ya sake sauran gobe. Wanda bai kai uku ba kada ya wuce gaba, ya koma farkon darasin.

Darasi na 3: Lamba mai mainos

Ku ɗauki mainos a matsayin bashi. −500 + 800: ana bin ku 500, kun sami 800, kun biya, saura 300. −300 − 200: bashi a kan bashi, −500. In mainos biyu suka haɗu kamar 4 − (−3), an yafe muku bashin 3 ne, sai ya zama 4 + 3 = 7. A ninkawa, mainos sau mainos yana ba da lamba marar mainos: −2 × −3 = 6. Mainos ɗaya kawai, amsa mai mainos ce: −2 × 3 = −6.

A kula da mainos da ke gaban baka. 10 − (4 − 1): a fara da ciki, 3, sannan 10 − 3 = 7. Mai cire baka ba tare da lura ba zai sami 5.

Darasi na 4: Neman x

Harafin x lamba ce da ba a sani ba tukuna. Alamar = sikeli ce: abin da aka yi wa hagu a yi wa dama. 2x + 300 = 1,100. A ɗebe 300 a ɓangare biyu: 2x = 800. A raba ɓangare biyu da 2: x = 400. A mayar a gwada: 800 + 300 = 1,100.

Ga tsohon abokinmu ya dawo: x/2 + x/3 = 10. Na ƙasa iri ɗaya ne? A'a. A daidaita su a 6: 3x/6 + 2x/6 = 10, wato 5x/6 = 10. A ninka ɓangare biyu da 6: 5x = 60, x = 12. Gwaji: 6 + 4 = 10.

Darasi na 5: Kashi cikin ɗari

Alamar % tana nufin cikin 100. 15% na naira 40,000: a raba da 100, 400, a ninka da 15, 6,000. Riba a kan kuɗin saye ake auna ta. An sayi kaya 8,000 an sayar 10,000, riba 2,000, a ɗora a kan 8,000, 25% ke nan. Mai ɗorawa a kan 10,000 zai sami 20%, ya faɗi.

Darasi na 6: Jarrabawa

Ku nemi tambayoyin shekarun baya tun farkon zango, kada ku rasa tes ko ɗaya domin makinsa yana shiga sakamako. A zauren jarrabawa ku fara da tambayar da kuka fi iyawa. Ku rubuta kowane layi na aiki, ana ba da maki a kan hanya ko da amsar ƙarshe ta kuskure. Ku tambayi malamin kwas tun da wuri ko an yarda a shiga da kalkuleta.