Kada ka jona cajin kekenka da zarar ka sauka

'Yan uwa masu keken lantarki, ga abin da ya tsawaita min kwanan batir.

In ka dawo daga hanya, ka ajiye keken a inuwa kamar rabin awa kafin ka jona caji. Ka ɗora hannu a jikin batirin. In da zafi, ka ƙara jira.

Batirin litiyam ba ya shiri da zafi ko kaɗan. Ka taso daga Sabon Gari zuwa Hotoro cikin ranar Afrilu, wadda kan kai digiri 40, ga nauyinka ga kaya, cikinsa ya riga ya ɗau zafi. Caji kuma wani zafin yake ƙara masa. Ba ranar zai mutu ba. A hankali yake cin sa, sai wata rana cajin da ke kai ka ka dawo ya ƙare a rabin hanya.

Na san halin da ake ciki, in an kawo wuta mutum ba ya son ta tafi bai yi caji ba. Ka daure, kuɗin sabon batir ba wasa ba ne.

Kada kuma ka bari ya ƙare tas. In ya saura kashi 20 cikin 100, ka jona.

Inda dabarar ba ta aiki: in batirin ya kumbura ko yana wari, jira ba zai gyara shi ba. Kada ka yi masa caji, ka fitar da shi daga ɗaki ka kai wa mai gyara.